Tambaya Uku

Ruwan sama bai ɗauke ba ran da muka raka ki, Herminia.
A tsibirin Chiloé wa ke jiran ya ɗauke?
Maza shida na ɗauke da akwatin, santsi na kwasar su,
na ce da kina tsaye da kin tsawatar:
"Ku lanƙwasa gwiwa, bayan mutum ba jaki ba ne!"

Kina da sha tara kika hau jirgin dakon ulu
da takalmin wanki da wuƙa guda,
kika yi kudu, inda iska ke tanƙwara itatuwa.
Shekara uku kina girka wa masu askin tumaki abinci.
Can wata tsohuwa ta koya miki ɗori,
kika biya ta da faskare.
Sau biyu na tambayi sunanta, sau biyu kika sako wani zance.

Ni kuwa da sha shida na zo miki, ƙirji a cushe,
uwata ta gaji da layin asibitin Castro.
Na zaci ganye za ki dafa.
Sai kika ce, "Me kika ci jiya?
Yaushe rabonki da barcin kirki?
Da wa ba kwa ga-maciji a gidanku?"
Ta ukun ce ta fasa ni.
Kika ƙyale ni na yi mai isata, kina ta ferayar dankali,
kana kika ɗora tafi a gadon bayana:
"Ja numfashi har nan. A'a, nan."

Shekara bakwai ina riƙe miki jaka.
Na koyi tausa, na koyi saiwar da ake tonowa bayan sanyi,
na koyi tuƙa kwale-kwale cikin duhu
ran da naƙuda ta kama matar Baldomero a tsallake,
igiyar ruwa na marin mu, ke kina cin tuffa.
Ran da kika taɓa kumburin wuyan Eliseo
kika yi shiru, kika ɗauko rigar ruwanki:
"Wannan ya fi ƙarfin tukunyata. Tashi mu je wurin likita."
Mutane suka ce kin gaza.
Eliseo ne ya riƙe gaban akwatinki shekaranjiya.

Ba zan mai da ke waliyyiya ba.
Kina da saurin fushi, shayinki ɗaci kamar maɗaci,
kuma ba ki taɓa cewa "na yi kuskure" da baki ba,
sai dai in tarar da ƙwai huɗu a ƙofata da safe.

Da sittin da uku kika sai babur,
wai sai kin ga hamadar arewa, inda sama ke rowar ruwa.
Wata biyu babu labari.
Kika dawo da karayar hannu da kwalbar yashi,
ke kika ɗora abinki a bakin hanya.
Muka ce yaya can?
Kika ce, "Taurari sun yi yawa. Na yi kewar taɓo."

Daren ƙarshe na kawo miki romo, kika ture.
Kika ce in buɗe taga ki ji warin teku,
kika kama hannuna kika sa a ƙirjinki
kamar darasi ne ya rage.
Na ƙirga har inda ƙirga ta tsaya.

Yau da hantsi wata ta ƙwanƙwasa, ɗiyarta na tari.
Na juya in kira ki.
Kujerar na nan, kwalbar yashin na kan taga.
Sai na ji bakina yana cewa, "Me ta ci jiya?"
Na jawo kwandon dankali kusa.

Kwale-kwalen na son fenti, Herminia.
Shuɗi zan shafa masa. Na san ja kike so.