Da'irar da Ta Ƙi Rufewa

A kwali uku ya iso, ta hannun wani ɗan Sabon Gari,
takardar bayani da Sinanci, hotunan duk sun dushe.
Na share ɗakin gawayi a gidanmu na Gwammaja,
na baje kusoshi a faranti kamar mai tsintar shinkafa,
dare huɗu ina ɗaurawa ina kwancewa.

Da rana ni malamin lissafi ne,
allo da alli, yara saba'in a aji.
Kuɗin adashina ne a kwance kan teburin nan:
motoci uku 'yan ƙanana,
ɗaya gabas da yamma, ɗaya kudu da arewa,
ta ukun sama da ƙasa take hawa da saukowa.

Na ba shi wuta, ya yi gurnani.
Na ce dama, ya nufi hagu da gudu
ya gwabza kai da bango.
Waya biyu na musanya, kunyar ta isa binnewa.

Sai na sayo guntun maɗaci a Na'ibawa,
na zana da'ira a kwamfuta, na ce bismilla.
Ya yanka, ya yanka, ya ɗaga haƙori.
Ƙwai ya haifa mini, ƙwan ma na zabuwa,
kuma inda ya fara da inda ya ƙare
akwai tazarar ƙwayar gero, sun ƙi gamuwa.

Ni da nake koya wa yara da'ira!

Na zargi wuta, don ranar Talata an ɗauke
yana tsakiyar aiki, ya mance hanyar gida.
Na sayi batir da inbata. Ƙwai.
Na zargi tebur, na fere shi har ya yi sumul. Ƙwai.
Na je Ƙofar Ruwa, Sagiru ya yanko min ƙarfe,
muka canja dogo, muka ɗame bel
har yana amo kamar tsirkiyar gurmi.
Haƙori uku na karya a mako guda.
Baraka ta ce garin katako ya kai tukunyar miya,
in na ƙara kwana can, in kai katifa da tabarma,
kada in damu da dawowa.

Baba Talle, mai sassaƙa turmi a bakin layi,
shekara hamsin da gizago a kafaɗa,
ya leƙo don ƙarar ta hana shi ƙailula.
Bai dubi kwamfutar ba ko sau ɗaya.
Ya kara kunne, ya lumshe ido, ya ce a sake.
Aka sake.
Ya ce: "Duk sanda zai juya sai ya yi tuntuɓe.
Gizago in ƙota ta saki, ba ya sara inda ka nufa.
Nemi abin da ke rawa."

Ga shi kuwa, a gargaren da ke jan bel,
wani ɗan sukuru, bai fi ƙwayar riɗi ba.
Yatsuna sun yi masa kauri.
Rahanatu, 'yar aji uku, ita ta zura hannu,
rabin murɗi ta yi, tana dariyar giɓi.
Wata biyu da dubu tamanin
a kan abin da yarinya ta gama kafin ƙiftawa.

Na ce bismilla karo na ban san nawa ba.
Haƙori ya nutsa, ya zaga, ya zaga,
ya dawo daidai kan sawunsa.
Baba Talle ya bi gefen da babban yatsa, a hankali,
ya shinshina, ya ajiye.
Ya ce: "Ya iya. Amma ka rage masa gudu,
maɗaci ba ya son a yi masa tsawa."

Da'irar na nan a taga, Baraka na ɗora buta a kai.
Jiya da daddare na fara rubuta sunan mahaifina,
harafin farko ya fito tas,
na biyun ya ɗan fi zurfi,
na ukun kuwa har ya huda.
Motar sama da ƙasa ce yanzu ke zamewa.