Katantanwar Wendell

Duk watan Agusta, kafin masarar Iowa ta bushe,
Madam Vander Ploeg takan jera mana takardu
a teburin ɗakin cin abinci.
Sakin layi goma sha huɗu,
kowanne ya fara da "Na gaskata",
wurin sa hannu a ƙasa.
Na bakwai shi ne na kwana shida na halitta.
Shekara sha tara ina sa hannu,
alƙalamina bai taɓa tuntuɓe ba.

Kimiyya nake koyarwa, a ajin ƙarshen baranda,
inda injin ɗumi ke tari tun Nuwamba.
Mu buɗe da addu'a, mu feɗe kwaɗo,
mu wanke hannu, ƙararrawa ta kore mu.

Kundin dokokinmu shafi arba'in ne:
siket ya rufe gwiwa,
sumar yaro kada ta taɓa kwala,
makara uku, shara ranar Asabar,
sujadar Laraba ba uzuri sai zazzaɓi.
Har cingam an ware masa layi.
Ba shafin da ya ce ga yadda za a yi da dutse.

Wendell Hoekstra ya zo da shi a aljihu,
yaron da takalminsa ke warin garken aladu,
wanda ya ci gasar haddar ayoyi sau biyu
bai ɗaga ido daga ƙasa ba.
Ya ajiye a kan rajistata:
katantanwar ruwa, ta zama dutse,
ba ta wuce kan babban yatsa ba.

"Daga ramin tsakuwar kakana ne, Malama.
Nan da teku tafiyar yini biyu ce a mota.
Fasto ya ce ruwan ɗufana ne ya yar da ita.
Wani littafi a laburaren gari
ya ce miliyoyin shekaru.
Ke me kika ce?"

Yara ashirin da uku suka daina motsi.
Har injin ya haɗiye tarinsa.

Na ce, ɗauko sikeli.
Auna ta. Zana ta.
Ƙirga zanen da ke bayanta.
Ya ƙirga, ashirin da biyu, ya sake, ashirin da biyu.
Na ce, raba takardarka gida biyu:
hagu, abin da idonka ya gani,
dama, abin da aka faɗa maka, da sunan mai faɗa.
Kada ka ƙara wa hagu gishiri,
kada ka yi wa dama rashin kunya.

Ya ce, "Ba ki amsa ba."
Na ce, ban amsa ba.

Ran Alhamis kwamitin iyaye ya kira ni.
Kofi ya huce a kofunan takarda.
Wata uwa ta karanta mini sakin layi na bakwai
a hankali, kamar ban iya karatu ba,
muryarta na rawa, na gane tsoro ne,
irin na mai riƙe da yaro a bakin titi.
Tsoho Gerrit Zylstra, shugaban zaman,
ya yi ta juya dutsen a tafinsa mai kanta.
Ya ce, "Da irinsu ubana ke cike ramukan hanya.
Mun taka dubunsu, ba mu duba ba."
Aka rubuta mini gargaɗi,
aka roƙe ni in rufe taro da addu'a.
Na yi, da zuciya ɗaya na yi.

Wendell ya gama a watan Mayu,
ya tafi koyon gyaran tarakta.
Dutsen ya bar mini.

Yau ga Agusta kuma, ga takarda,
taga a buɗe, iska na neman ɗauke ta.
Na danne ta da katantanwar.
Na karanta tun daga na farko,
abin da na daɗe ban yi ba.
Madam ta leƙo, ta ce ni kaɗai ake jira.
Na ce mata ina na shida.