Kwalbar da nake kankare wa suna

Da asuba, kafin ladanin Garkawa ya gama gyaran murya,
ni da Illa muna tsugune bakin randa,
ƙwaya ɗaya tasa, ɗaya tawa,
moɗa guda.

Shekara bakwai ina kankare takardar kwalba da farce
don kada maƙwabta su karanta mu.
Na ce masa maganin ƙarfi ne.
Ban yi ƙarya ba, gaskiyar ce na rage wa tsawo.

Ran Talata muka hau kabu-kabu zuwa likita.
Madan Sahiya ta ɗora shi kan sikeli,
kilo ashirin da biyu, har da takalmi.
Ta buɗe karne, ta ce cutar ta yi barci,
kada dai mantuwa ta tashe ta.
Uwarsa ba ta kai ga jin wannan magana ba.

Bana ya shiga lakwal.
Yana haɗa baƙaƙe a jikin buhun albasa,
a kowane bangon Tawa mai rubutu.
Jiya na tarar da shi riƙe da sabuwar kwalba,
leɓensa na motsi.

Ban fizge ba.
Na shimfiɗa tabarma, na ce, Illa, zo zauna,
taho da ita.