Huhun Aro

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke riƙe da juna kada su zame cikin teku,
Baldomero ya kwantar da jitarsa bisa tebur
kamar wanda ya kai ɗa wurin mai kaciya.
Jikarsa Ximena ta liƙa ɗan siririn ƙarfe
ƙarƙashin tsirkiyoyin, dab da gindi:
kunnuwa shida, kowace tsirkiya da nata.
Waya ta fita ta shiga baƙin akwati,
wata ta fita daga akwatin ta shiga kwamfuta.

Ta ce, "Kaka, wannan tafinta ne,
MIDI ake ce wa harshensa.
Ba ruwansa da daɗin sauti, ƙirga kawai ya iya:
wace tsirkiya, wane gurbi, da wane ƙarfi.
Ya kai wa kwamfuta rahoto,
ita ta ba ka muryar da ka zaɓa."

Ya taɓa siririyar, sarewa ta amsa.
Ya janye hannu kamar ya dafa garwashi.
Ya sake taɓawa, ƙaho ya yi kuka,
har karen maƙwabta ya tanka daga ƙasan matakala.

Sai dai tafintan na da nawa.
In aka bugi mai kaurin nan ta ƙasa,
sai ya tsaya ya saurara, ya tabbatar, kafin ya faɗa.
Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba,
amma wanda ya yi shekara arba'in da bakwai
yana yi wa ma'aikatan jirgin ruwa kiɗa
ya san nauyin ƙiftawar ido.
Kuma ba ya rufin asiri.
Yatsa ya ɗan goga inda bai yi niyya ba,
sai fiyano ya yi tari a tsakiyar magana.
Kurakuran da katako ya daɗe yana haɗiye masa
duk akwatin ya tona su.

Mako uku yana wanke hannunsa daga tsohon hali.
Ya koyi riga kansa bugawa.
Ya koyi danne tsirkiyar da ba a kira ba.

Ranar Lahadi suka sauko da kayan cikin jaka
zuwa ɗakin Nibaldo, bayan kasuwar kifi.
Nibaldo mai akodiyon, abokin dare dubu,
wanda ɓarin jikinsa na dama ya yi shiru tun bara,
akodiyon ɗin na saman kabad, an lulluɓe da tawul.

Ximena ta zaɓi muryar. Baldomero ya buga.
Akodiyon ya cika ɗakin, ba a taɓa tawul ba.

Nibaldo ya saurara har ƙarshe.
Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da kalma,
da ƙyar ta fito:
"Ba ya numfashi."

Gaskiya ne. Sautin ya miƙe sambal kamar layin dogo,
babu hawa, babu gangara,
babu gajiyar zugazugi a ƙarshen jimla.
Baldomero ya sunkuyar da kai.

Ximena ta laluba jaka ta fito da feda,
ta jona, ta tura ƙarƙashin kujera,
ta ɗora masa ƙafar hagu, mai sauran rai.
"Taka, ya kumbura. Saki, ya sace."

Suka koma farko.
Yatsun na wannan, huhun na wancan.
Sau biyu suka yi karo a kwana ɗaya,
Nibaldo ya harare shi irin hararar da,
ta cewa kai ne ka yi sauri.
A na uku ƙafar ta ja dogon numfashi,
ta riƙe, ta riƙe,
ta sake shi a hankali har ya ɓace cikin ƙarar tasha.

Matar da ke shanya a bene na sama
ta leƙo ta taga, da rigar yaro a hannu,
ta ce wa mijinta, "Ashe Nibaldo ya samu sauƙi."