Hagun Allo

Laraba ce, an yi la'asar,
ni da Baba Nalado a ɗakin inji
na tsohuwar silimar Sabon Layi.
Ba fim a kai. Haske zalla muka saki,
don farin allo ba ya rufa wa fitila asiri.

Tsakiya fes, kamar sabon faranti,
hagu kuwa dishi-dishi.

"Madubi ne, goge."
Na goge har na ga haƙorana.
Na sassauta noti uku na bayan ƙwan,
na tura shi gaba, tsawon ƙwayar dawa:
haske ya dunƙule wuri ɗaya.
Na ja baya, duhu ya yi cibiya.
Na dawo tsakani, a hankali,
sai fari ya shimfiɗu kusurwa huɗu
kamar an yi wa bango guga.

Ya leƙa ta 'yar taga.
"Hagu dai, yaro. Hagu."

Na sauka benci na duba.
Na kirawo Kallamu mai yanka tikiti,
ya ce ko nono bai kai shi fari ba.

Baba ya rufe idon dama da tafinsa.
Ya daɗe a haka.
Shekara talatin yana leƙen wutar nan
babu tabarau.

"Ɗaure notin," ya ce,
ya miƙo mini sifanar aljihunsa.
Da dare ni na kunna.
Shi yana ƙasa cikin mutane,
ya ɗan karkata kai.