Ƙararrawa Ba Harshe

Shekara talatin da ɗaya ina bisa sitiyari,
Maraɗi zuwa Ɗan Isa, Ɗan Isa zuwa Maraɗi,
aya da wake in na tafi,
siminti in na komo.
Kullum ina wuce allon da ya nuna Madarumfa,
ban taɓa karya kan mota ba.
Ruwa, a lagireto na san shi.

Sai ga likita ta ɗaure mini damtse,
ta hura, ta dubi allura, ta dube ni:
"Baba Tsahiru, jininka ya fi motarka gudu."

Keken ƙanena Nomau na nan a zaure,
sirdi ya tsage, sarƙa ta sha tsatsa,
ƙararrawa ba harshe.
Na ba shi baƙin mai, na ba shi iska.
Sati uku muna faɗa da shi a bayan Tarna,
yara na dariya, gwiwa na kuka,
kafin ya yarda da ni.

Yau da na sallame asuba na bar kwalta.
Na bi burji, burji ya ƙare,
na bi tsakuwa, tsakuwa ta miƙa ni ga sawun amalanke.
Taya na taunar ƙasa ƙurus-ƙurus
kamar akuya ta samu kaucin gawo.
Ba oda, ba hayaƙi,
ba mai tsayar da ni ya ce ina takardu.

Lambunan zogale sun raka ni har bakin gulbi.
Yashi ya ce sauka, na sauka.
Na tura keke, takalmi a hannu,
ruwan bai wuce idon sawu ba
amma sanyinsa ya kai mini har ƙeya.

Daga nan sai daji ya rufe.
Marke, kanya, tsamiya mai faɗin inuwa,
sabara na shafar ƙafar wando.
Wani kunkuru ya tare hanya,
a tsakiya sosai, ba ya ko sauri.
Hannuna ya tafi neman oda da kansa,
ya dawo da kunya.
Na sa ƙafa ƙasa na jira.
Ni da ban taɓa jiran jaki ba,
ni da na sa mata masu tallan nono faɗawa kwalbati,
na tsaya har ya gama tsallakewa,
har ya ja wutsiyarsa cikin ciyawa.

Ƙayar aduwa ta karɓi kuɗin hanya a tayar baya.
Na zauna gindin kalgo,
na tofa yawu, na bi tiyub da kunne
har na ji inda take numfashi.

Da hantsi ƙasa ta fara laushi,
warin taɓo ya riga ruwan isowa.
Sai tabki.
Bado ya buɗe fari fat,
kirinjijiya na fito a sama,
zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya
kamar mai bin bashi a ƙofar gida.
Belbela bisa gadon bayan sa,
ba ta biya ko dala ba.

Wani masunci na ɗinkin koma kusa da jirginsa.
"Baƙo, daga ina?"
"Daga Maraɗi."
"Yau ka fara zuwa?"
Na ƙirga a zuci, lissafin ya ƙi.
Na ce, "Na wuce ku ya fi sau dubu."
Ya ciji zare ya ce, "Mu ma muna jin ƙararku da dare."

Ya sayar mini da karfasa uku,
ya soke su a kaba, na rataya a ƙahon keke.

Komowa ta fi zuwa nisa.
Cinya ta yi nauyi, sirdi ya zama dutse,
ƙudaje sun bi kifin tun daga Jiratawa.
Barira na tsakar gida tana tankaɗe.
Ta dubi taɓon da ya kai mini gwiwa,
ta dubi kifin, ta shinshina,
ta ce biyu za su ciwu.

Na jingine keken Nomau a zaure.
Ban wanke tayar ba.