Jan Ƙyalle a Wuyan Tizon

A Arequipa, a gindin dutsen Misti,
lasifika ta tashi unguwa tun asuba:
mai kare, mai kyanwa, kowa ya fito.

Nelida ta sauko da Tizon daga rufin ɗaki,
kyanwar kuwa a buhun albasa,
tana huci.

Layi har bakin shagon burodi.
Haushi ya cinye gaisuwa.

Allura ɗaya. Ko ƙara bai yi ba.
Kyanwar ta sha tata ta cikin buhu.
Likita ya buga hatimi,
ya ce, "Sai baɗi."

Ta ninke takardar, ta cusa a jaka
kusa da hoton ƙanenta Wilber,
wanda ya rasu
yana gudun ruwa.